Wuse 2: abincin kowace ƙasa ya samu gida, to ina namu?

Abu_Hanan_Gwarinpa
Salam jama'a. Akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, na ce bari in kawo shi nan mu tattauna. Duk wanda ya san Abuja ya san in ana maganar cin abinci a waje to Wuse 2 ce kan gaba. Ka kama Aminu Kano Crescent daga wajen Banex ka zagayo ka shiga Adetokunbo Ademola, za ka ga gidan abincin Indiya, na Lebanon, na Chana, masu fiza, masu shawarma a kowace kwana, ga amala da ewedu na Yarbawa, ga afang da edikaikong na mutanen Kalaba, ga isi ewu na Ibo. Kowa ya kafa gidansa da AC da kujeru masu kyau. Amma gidan da za ka kai baƙo mai daraja ka ce a zuba mishi tuwon shinkafa da miyar taushe a wuri mai kyau irin wannan, ko sinasir, ko burabusko, sai ka yi ta nema. Namu yana bayan filaza ne a ƙarƙashin rumfar kwano. Me ya jawo? Mu ne ba mu ɗauki abincinmu da daraja ba, ko kuwa kasuwar ce ba ta karɓa?

Maman_Ilham
Wa alaikumus salam. Wallahi ka taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Amma ni dai gani nake laifin namu ne. Bahaushe in ya fito da iyalinsa cin abinci waje ba tuwo ya zo ci ba, zai ce maka tuwon yana gida. Yara ma da ka ce musu za a fita, fiza da ayis kirim ne a ransu.

Sadiq_Banex
Ni a nan nake kasuwanci, kusan kullum a unguwar nake wuni, kuma ban yarda da cewa babu namu ba. Ina ka bar Yahuza? Ina ka bar masu tsire da balangu da ke cika layi daga magariba? Ka zo ka ga manyan motocin da ke fakin saboda gasasshiyar kaza da yaji, har da Turawa da Indiyawa. Duk wanda ya shigo Abuja daga Legas ko Fatakwal abin da yake fara tambaya suya ne, in zai koma kuma sai an kai shi Area 1 ya yi tsarabar kilishi. To wannan ba namu ba ne?

Abu_Hanan_Gwarinpa
Sadiq na yarda da kai a kan nama, a nan kam babu mai ja da mu. Amma ka lura a takarda ake naɗe maka ka tafi. Ni wurin zama nake magana, inda za a kawo maka abinci kala-kala a tebur.

Hajiya_Kulu_Mai_Masa
Bari in sa baki tunda sana'ata aka taɓo. Ɗana Abu Hanan, masa ba irin abincin da za ka dafa da safe ka ajiye a firiza ka ɗumama da yamma ba ne. Shinkafar sai an jiƙa ta, a niƙa, a haɗa da dafaffiya, a sa yis a bar ƙullin ya tashi, in ya wuce lokacinsa ya yi tsami ya lalace, in bai kai ba ta yi nauyi. Sannan a tanda ake suya ɗaya bayan ɗaya kuma da zafinta ake ci. Sinasir ma haka, funkaso ma haka. Tuwo kuwa in ya huce ya zama wani abu daban. Duk wannan wahalar, da ka ɗora riba kaɗan mutum zai buɗe baki ya ce masa ce fa Hajiya, nawa ake saidawa a Kano? Amma mutumin nan zai je ya biya ninkin ba ninkin a kan taliyar Italiya bai ce uffan ba, alhali tafasa ta kawai aka yi aka zuba miyar tumatir da cuku. Ta ina za ki biya hayar shago a Wuse 2 da irin wannan kwastoma? Shi ya sa mu muke yi daga gida, a yi oda ta waya mai babur ya kai.

Zee_Abj
Hajiya Allah ya saka, kin gama magana. Kuma ku duba Instagram, mata nawa ne 'yan Arewa suke saida dambun shinkafa, alkubus, ɗanwake, gurasa bandashe, kunun gyaɗa, duk daga kicin ɗinsu a Gwarinpa ko Life Camp ko Kubwa? Ofisoshin Wuse 2 ɗin nan da rana su suke ciyar da su. Abincinmu yana nan, allon suna ne kawai ba shi da shi a bakin titi.

Injiniya_Bashir
Akwai lissafin da mutane ba sa yi. Tun da aka cire tallafin mai a 29 ga Mayu 2023 komai ya tashi, sannan aka saki naira ta faɗi, duk abin da ake shigowa da shi kamar cuku da man zaitun da shinkafar basmati ya yi tsada. A Afrilun 2024 aka kai kuɗin wutar Band A, wato layin da aka fi ba wuta, naira 225 kowane yunit daga sittin da wani abu. Gidan abinci kuma ba ya kashe firiza, ba ya kashe AC, in wuta ta ɗauke sai janareta da dizal. Ƙara haya, ƙara albashi, ƙara harajin VAT na kashi 7.5 da ake cira tun 2020, wasu su ɗora kuɗin sabis a kai. To mai gida dole ya sayar da abin da mutane suka saba biyan kuɗi mai yawa a kai. Shi ya sa ma za ka ga wuri ya buɗe bana da kwalliya, baɗi ka dawo ka tarar an canza suna an canza fenti wani ya karɓa.

Ummu_Sultan
Wannan kuɗin sabis ɗin shi ne yake ɓata mini rai. Wani wuri da muka je da ƙawayena, farashin da ke menu daban, da aka kawo bil sai ga ƙarin kuɗi iri biyu a ƙasa ba wanda ya faɗa mana tun farko. Na tambayi yarinyar da ta yi mana sabis ko kuɗin yana zuwa hannunsu, sai ta yi shiru ta sunkuyar da kai. Abin ya tsaya mini a rai har yau.

Yaro_Dan_Mararaba
Anti ni na yi aikin weta a unguwar nan kafin Allah ya canza mini. Wasu wuraren suna rabawa ma'aikata, wasu kuwa ko ƙwandala ba za ka gani ba. Kuma ku sani kusan duk wanda ya kawo muku faranti a Wuse 2 ba a cikin gari yake kwana ba. Daga Mararaba, Nyanya, Masaka, Lugbe, Suleja muke zuwa. A tashi aiki sha ɗaya ko sha biyun dare ka fito neman mota ga tsoron 'yan wan cans masu fashi a motar haya, kuɗin mota kuma ya cinye kusan rabin abin da ka samu. In kun ji daɗin sabis ku miƙa wa yaron a hannunsa ko ku karɓi lambar asusunsa ku tura mishi, shi ne wanda kuka tabbata ya isa.

Ummu_Sultan
Allah sarki. In sha Allahu haka zan riƙa yi. Allah ya ƙara buɗi ƙanena.

Malam_Nura_Zariya
Ni tambayata daban ce, ku yi haƙuri in na karkatar da zancen. Duk waɗannan gidajen na baƙi da ake ta yabo, wa yake duba halaccin abin da ake ci? Girkin Chana da yawa da naman alade ake yi, wani da kitsensa, kuma suna da giyar da suke zubawa a cikin girki. Ko ka ce a ba ka kaza, a wane kasko aka soya? Sannan ga wuraren da za ka zauna da iyalinka teburin kusa da kai ana shan giya. Hadisi ya zo da hanin zama a teburin da ake zagayawa da giya. Ina ganin matasanmu suna ɗaukar abin da sauƙi saboda a ɗauki hoto a ɗora.

Alhaji_Guangzhou
Malam Nura maganarka gaskiya ce amma kar a yi wa Chana kuɗin goro. Mu da muke zuwa sarin kaya mun san unguwar Xiaobei a Guangzhou, cike take da gidajen abincin Musulmin Chana, 'yan ƙabilar Hui da mutanen Xinjiang. Taliyar Lanzhou da ake ja da hannu a gabanka a zuba romon naman sa, halal ce tsaf kuma ban taɓa cin taliya mai daɗinta ba. Za ka gane su da koren allo da rubutun Larabci. A Abuja dai abin yi shi ne ka tambaya kai tsaye, in sun ce suna dafa alade a kicin ɗin ka tashi abinka, ba faɗa.

Dr_Fati
Ƙari a kan haka, naman sa da rago da ake saya a Abuja yawancinsa daga hannun mahautanmu yake fitowa, ku je mayankar Karu ko kasuwar dabbobi ta Dei-Dei ku ga su waye ke riƙe da wuƙa. Inda na fi sa ido shi ne kajin firiza da ba a san asalinsu ba da kuma sosej ɗin da ake cusawa a shawarma. Ni kullum cewa nake a cire mini shi.

Malam_Nura_Zariya
Na gode Alhaji, na ƙaru. Likita ke ma haka. Abin da nake so ke nan, a riƙa tambaya.

Kb_Fagge
Tunda an zo kan shawarma, ku sani wacce muke ci a bakin titi ba ita ce ta Lebanon ba fa. Mu da muka tashi a Kano kusa da Kwarori, wato 'yan Lebanon, mun san bambancin. Tasu ba kabeji da mayonis da kecap, nama ne ko kaza da miyar tafarnuwa fara, ko ta riɗi, da ɗan kokwamba mai tsami, burodin kuma siriri. Tamu ta Najeriya an cika mata zaƙi da yaji da sosej har tana ɗiga. Ba wai na raina tamu ba, ina ci, amma in ka shiga gidan Lebanon na gaske ka nemi hummus da tabule da gasasshen nama ka ji yadda abin yake. Kuma mutanen nan sun fi shekara ɗari a ƙasar nan, a Kano har titin Beirut Road akwai, wasunsu Hausa a bakinsu ta fi ta wasunmu. Ni ban ma ɗauke su baƙi ba.

Zee_Abj
Kb gaskiya ni tamu ta fi mini, waccan na gwada na ji ta salam ba yaji 😄

Kb_Fagge
Zee harshenki ne ya saba da yaji, ki sake gwadawa ki ce a ƙara miki miyar tafarnuwar.

Aisha_Yerwa
Ku dawo kan tambayar Abu Hanan don Allah. Ni abin da na lura shi ne abincin Larabawa ya fi komai shiga ran mutanenmu yanzu, mandi, kabsa, shinkafar bukhari. Duk wanda ya je Umara ko Hajji ya dawo da ɗanɗanon a bakinsa, yanzu ko biki ake a Abuja ko Kano sai kin ga tire na mandi. Kuma mandi asalinsa na Yaman ne, a rami ake gasa naman, romon yana sauka kan shinkafar. To shi wannan mun yarda mu biya kuɗi mai kauri mu zauna a kan kafet mu ci da hannu. Ashe ke nan ba zaman ƙasa ko cin da hannu ne matsalar ba. Da wani zai yi irin wannan shimfiɗar ya kawo burabusko da miyar kuɓewa busasshiya ko ndaleyi irin namu na Barno, da turaren wuta yana tashi, a rufe da shayi, wallahi ni zan biya kuma zan kai baƙina.

Hajiya_Kulu_Mai_Masa
'Yata ke za ki biya, mutum nawa ne irinki? Na taɓa haɗa jari da wata ƙawata muka kama ɗan wuri, ba a Wuse 2 ba ma, muka yi shimfiɗa irin wadda kike faɗa. Da azumi kam ba ma iya numfashi saboda oda, kunu da ƙosai da masa da farfesu. Ana sallah sai wuri ya yi tsit. Haya kuma ba ta san azumi ya wuce ba.

Abu_Hanan_Gwarinpa
Hajiya wannan ya sa jikina ya yi sanyi. Amma to ya aka yi gidan abincin Jevinik suke cika da sakwara da miyar ganye, ga masu amala layi har waje da rana? Su ma ai abincin gida suke saidawa, kuma su ma suna da mata a gida da suka iya dafawa.

Chinedu_Bahaushe
Ni Ibo ne haifaffen Sabon Garin Kano, ku ba ni dama in amsa wannan. Mu a wajenmu ba abin kunya ba ne magidanci ya zauna a gidan abinci ya ci garri da miya da rana, har da matarsa ma. A Kano kuwa na san abokaina da yawa da in an gan su suna cin tuwo a waje sai a fara tambaya ko lafiya da gidan. Yarbawa kuma sun daɗe da al'adar buka, wato ƙananan gidajen abinci. To kasuwarmu ta ginu ne a kan mutanen da kullum suke ci a waje. Na biyu, miyarmu nama da kifi da ganda ake cikawa, kowane yanka da kuɗinsa, a nan ribar take. Miyar kuka da daddawa tana da daɗi, ni ina sha sosai, amma mutane sun sa a ransu abu ne mai araha.

Maman_Ilham
Chinedu ka san mu fiye da yadda muka san kanmu. Maganar "ko lafiya da gidan" gaskiya ce, maigidana ko yunwa za ta kashe shi sai ya dawo gida.

Issoufou_Niamey
Gaisuwa daga Nijar. Mu ma nan Yamai kusan haka ne, a unguwar Plateau akwai na Faransa da na Lebanon da na Chana, kuma 'yan Senegal sun kama kasuwar abincin rana da cebu jen ɗinsu, shinkafa da kifi da kayan lambu. Abin da ya burge ni da su, ba su taɓa jin kunyar abincinsu ba, ko'ina suka je da shi suke zuwa, har UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 2021. Mu kuma dambu da kopto na zogale sai a bakin hanya ko gidan biki. Kilishi ne kawai muke alfahari da shi a gaban baƙo.

Baba_Tanko_Mai_Ritaya
Ku yaran yanzu kuna ganin Wuse 2 kamar haka ta faɗo daga sama. Lokacin da gwamnati ta taso daga Legas a Disambar 1991 muna cikin ma'aikatan da aka kwaso, wurin nan gidajen kwana ne da fili da ciyawa. Asalin Wuse ma garin Gwari ne, aka tashe su aka kai su Sabon Wuse a jihar Neja. Yawancin gidajen abincin da kuke shiga gidajen zama ne aka fasa aka mayar, shi ya sa babu wurin fakin, motoci suke cika titi. Ku duba sunayen layukan ma, Kumasi, Bangui, Lobito, Dar es Salaam, duk biranen Afirka ne. An gina garin don kowa ya zo, to kowa ya zo da tukunyarsa. Abin da nake tambaya, a duk cikin waɗannan gidajen akwai guda ɗaya da ke saida abincin Gwari masu ƙasar? Kafin mu yi kukan tuwonmu mu tuna da su.

Dr_Fati
Baba Allah ya ƙara lafiya, wannan ban taɓa tunaninsa ba.

Sadiq_Banex
Baba ya faɗi gaskiya a kan fakin, daren Juma'a da Asabar Ademola ba ta shiguwa. Ni shawarata ga mai son zuwa da iyali ya je tsakanin la'asar da magariba, wuri bai cika ba, kiɗa bai fara tashi ba, masu shisha ba su fito ba. Bayan tara na dare wasu wuraren sun tashi daga gidan abinci sun koma wani abu.

Hauwa_Kt
Ni fa ban ga laifin cin abincin wasu ba, kar zancen ya koma kamar wanda ya ci biryani ya yi wa tuwo butulci. A Wakkis na fara cin abincin Indiya, ina kallon yadda suke manna burodin nan nasu naan a jikin tanderu, nan take na tuna masu gurasa na Jakara, aikin iri ɗaya ne. Tun daga nan na koyi sa kurkum da citta da kanumfari a shinkafata ta wata hanya daban, yarana suna so. Wanda bai da halin hawa jirgi ya je Mumbai ko Beirut, ga shi an kawo mishi har gida. Abin da ban iya ba dai shi ne sushi, ɗanyen kifi ya fi ƙarfina.

Zee_Abj
Hauwa ba duka ne ɗanye ba, akwai na dafaffen jatan lande da na kayan lambu zalla, ki fara da su.

Abu_Hanan_Gwarinpa
Hauwa ni ma ina ci, ban ce a daina ba. Abin da nake so shi ne in Ba'indiye ko Bature ya tambaye ni ina zai ci abincin Hausawa, in samu wurin da zan nuna mishi ba sai na kai shi gidana ba. Zobo da kunun aya da fura ma yanzu a manyan wuraren ana sa su a kofi mai tsawo da ƙanƙara a canza musu suna a saida da tsada kuma ana saya. To in abin sha ya shiga me zai hana tuwo?

Injiniya_Bashir
Zobo yana kwana a firij, ribarsa kuma ta fi ta abinci nesa ba kusa ba. Ka koma ka karanta abin da Hajiya Kulu ta rubuta a sama.

Aisha_Yerwa
Injiniya amma sakwara ma ai ba ta kwana, kuma ana daka ta a manyan wurare. Ni dai ina ganin wanda zai yi ne bai fito ba tukuna, mai jari da haƙurin shekara biyu ko uku ba tare da ya ci riba ba. Masu kuɗinmu sun fi son gina filaza su ba da haya ko su buɗe gidan mai.

Hajiya_Kulu_Mai_Masa
In an samu mai jarin ku turo mini shi, ni zan riƙe kicin, kuma ina da yara mata da na koya wa da hannuna. Sharaɗina ɗaya, ba za a rage daddawa a miya don wani ya ce tana wari ba, kuma man shanu na gaske za a sa.

Yaro_Dan_Mararaba
Hajiya in abin ya tabbata ki tuna da ni, na iya sabis kuma na san inda ake samo ma'aikata masu amana. Amma a sama mana ɗakin kwana kusa ko motar da za ta mai da mu gida.

Chinedu_Bahaushe
Ni kuma kwastoman farko. Hajiya kafin nan ana samun masarki ranar Asabar? Da miyar taushe nake so, a sa kabewa da yawa.

Hajiya_Kulu_Mai_Masa
Ana samu ɗana, amma ka yi magana tun ranar Juma'a da yamma saboda jiƙon shinkafa.